Kada Ka Yi Inshora a Hannun Kawunka

Dutsen Kura, Minna.

Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina yi maka sannu da gajiyar sallamar jama'a, tunda kwanakin nan sai dai in ji ƙarar motarka ta shigo, kafin in lallaɓo da gwiwoyin nan in fito tsakar gida ka riga ka sake fita. Allah ya sa aikin da ka samu a Lakwaja ya zama sanadin alheri. Allah ya tsare ka a hanya, ya kuma tsare bayinsa daga gare ka, don na ga irin tuƙinka.

Na zaɓi in rubuta ne saboda in na fara magana kana danna waya kana cewa "To, Mama," raina yakan ɓaci in manta abin da na zo faɗa. Na ƙare ƙuruciyata ina maimaita magana ga 'ya'yan mutane a aji, yanzu ba ni da sauran numfashin maimaita wa nawa. Ka zauna ka karanta, ba a tsaye ba.

Maganar guda ɗaya ce. Ranar sunan ɗan yayarka Bilki, kawunka Isa, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, ya faɗa a gaban mutane cewa a hannunsa za ka yi inshorar motarka, a kamfanin da yake wa wakilci. Kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce to. Kada ka yi. Ba motar nake ji ba, mota ƙarfe ce, tokunbo ce ma da wani ya gaji da ita a ƙasar waje. Kawunka nake tsoron ka rasa. Ni na taɓa rasa shi ta wannan hanyar, shekaru masu yawa, lokacin kana firamare. Ba wanda ya gaya maka dalilin da ya sa muka daina zuwa gidansa yawon Sallah, kai ma ba ka tambaya ba.

Bayan rasuwar babanku na sayi farar motar nan da kake gani a hoto, don in daina tsayuwa bakin titi ina jiran tasi zuwa makarantarmu ta Bosso. A lokacin Yaya Isa bai daɗe da kama aikin inshora ba, yana yawo da jaka ofis-ofis ana ce masa ya dawo gobe. Na ji tausayinsa. Na ce ga nawa, me zai kai ni wurin bare? Ya zo gida da yamma, na shimfiɗa masa tabarma, na kawo masa tuwo. Bayan ya wanke hannu ya ce babbar inshora zai yi mini, wadda ke biyan ɓarnar da aka yi maka da wadda ka yi wa wani, ba ƙaramar da doka ta tilasta ba, wadda ke biyan wanda ka buge kawai ta bar ka da taka asarar. Ya tambaye ni:

"Wa zai riƙa tuƙawa?"

Na ce, "Ni mana, Yaya. Wa nake da shi?"

"Ina da ina?"

"Gida zuwa makaranta, sai kasuwa."

Ya ce haka ya fi sauƙin kuɗi. Ya rubuta, na sa hannu. Ban yi masa tambaya ko ɗaya ba, domin a gidanmu ba a tasa yaya a gaba da tambayoyi kamar ɗalibi. Shi ma bai matsa mini ba, domin yana jin nauyin ya nuna bai yarda da maganata ba. Ka ga kuskurena na farko ke nan, ban yi ƙarya ba, amma ban san ko wace irin mai mota ba ce ni.

Masu mota iri-iri ne, Nasiru, kuma kafin ka zaɓi kamfani sai ka san layin da kake. Akwai irin marigayi babanku, da a ce ya yi mota. Daga ofis sai masallaci, sai ya dawo ya rufe ta da tampol, ko uwarsa ba zai ba makulli ba. Irinsa kowane kamfani na son sa, kuma duk wanda ya zaɓa da wuya ya taɓa sanin halinsa. Akwai masu ɗaukar kaya ko fasinja, waɗanda tasu inshorar daban ce, in suka yi ta motar gida sun zubar da kuɗinsu a kwata. Akwai yaran nan na Bosso da ke sato motar ubansu suna shawagi a bakin jami'a, su kam addu'a ce inshorarsu. Sannan akwai ni, akwai kai. Mu ne waɗanda ba mu iya cewa a'a ba.

Kada ka yi mini musu. Na ga yadda ka miƙa wa abokinka makulli ranar da ka kawo motar, ko lamba ba a sa mata ba. A Lakwaja ma haka za a yi. Wani zai ce matarsa na naƙuda, wani zai ce rakiyar amarya, wani zai ce nan kusa ne, kuma za ka bayar. Ba zan ce ka daina ba, don na san a nono ka sha. Abin da zan ce, ka gaya wa kamfanin gaskiya tun farko, ka ce wasu za su tuƙa, ka ce za ka riƙa zirga-zirga tsakanin Lakwaja da Minna. Za su ƙara maka kuɗi, ka biya. Wanda ya ce maka kada ka damu da wannan, ka tashi ka bar masa ofishinsa.

Ni motata ba ta yi wata biyu ba ta zama motar unguwa. A duk layinmu ita kaɗai ce. Ta kai masu haihuwa asibiti, ta kai gawa Bida, ta ɗauko alhazai. In na dawo daga makaranta nakan tarar da mai jiran makulli a zaure kafin in cire mayafi. Ina bayarwa ina jin daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Mace ce ni da miji ya rasu ya bar wa marayu, amma ga maza suna zuwa ƙofata neman alfarma.

Wata rana Malam Garba tela, maƙwabcinmu na jikin katanga, ya ari motar zai kai wa 'yarsa gara a Gwada inda aka kai ta aure. Ranar kasuwar garin ce. Ina cikin aji wani ya zo a kan babur ya ce in fito, an yi haɗari. A lokacin ba wayar hannu, sai da muka shiga motar haya muka kama hanya, ni ban san ko gawa zan tarar ba.

Na tarar Malam Garba da ransa, hannu ne ya karye, an riga an kai shi wurin mai ɗori. Motata kuwa gefen direba ya shige ciki kamar an taka gwangwani. Wata a-kori-kura ce maƙare da doya ta fito daga kasuwa, birki ya ƙwace, ta same ta. Doya ta watse a titi, ga buhunan garar amarya sun fashe, awaki na ci. Mai a-kori-kurar kuma ba baƙo ba ne. Yohanna ne, manomin doya, dattijo a cocinsu, wanda tun babanku na da rai yake kawo mana doya gida. Yana ganina ya zube a kan gwiwoyinsa a tsakiyar titi, mutumin da ya girme ni.

"Malama, ki yi yadda kika ga dama da ni. Laifina ne. Birki ne, tun safe nake jin shi."

Jama'a sun kewaye mu. Mai unguwa na nan, limamin kasuwa na nan, faston su Yohanna na nan, duk sun zauna jirana tun hantsi. Mai unguwa ya ce, "Malama, ƙaddara ta riga fata. Tunda ba a rasa rai ba, kada a sa hukuma a ciki. In 'yan sanda suka shigo, bawan Allahn nan ya rasa motarsa da nomansa." Daga baya na gane abin da suke tsoro. Takardar inshorar Yohanna a gindin bishiya ya saye ta, wurin masu tare mutane a bakin ofishin lasin, kamfanin da ke jikinta ma ba wanda ya san inda yake.

Na dubi furfurar mutumin nan, na dubi idanun da ke kaina. Na ce, "Tashi, Baba Yohanna. Na yafe. Ai ina da inshora, kuma yayana ne mai kamfanin." Haka na faɗa, mai kamfanin. Aka yi ta sa mini albarka, Musulmi da Kirista, wata tsohuwa har da rungume ni. Na dawo Minna a gaban motar da ta jawo tawa, ina jin kaina kamar wata waliyyiya.

Wannan shi ne kuskurena na biyu. Yafiya abu ne mai kyau, ban yi nadamar tausaya wa Yohanna ba, har ya rasu bai daina aiko mana doyar fari ba. Amma na yi kyauta da abin da ba nawa ba ne. In ka yi babbar inshora, kamfani ne zai biya ka, sannan shi ya bi wanda ya buge ka. In ka tsaya a titi ka yafe, ka hana a rubuta rahoto, ka yafe haƙƙin kamfani ke nan ba da izininsa ba, shi kuma ba ya cikin waɗanda suka sa maka albarka. Don haka in Allah ya kawo tsautsayi, ka fara duba masu rai. Ka ɗaga wanda ya durƙusa, ka ce masa ba ka riƙe shi a zuciya ba. Amma ka bari hukuma ta rubuta abin da ya faru, ka sanar da kamfani a ranar. Za a ce maka ɗan boko marar mutunci. Ka haƙura, ba a mutuwa da wannan.

Na bar kwanaki suka wuce kafin in gaya wa Yaya Isa, ina jinyar Malam Garba, ina ganin ai na gida ne, ba gaggawa. Da na gaya masa sai na ga fuskarsa ta canja.

"Wa ke tuƙi?"

"Malam Garba."

"Ina rahoton 'yan sanda?"

"Ba a yi ba. Na yafe."

Sannan ya ce, "Bari in ga abin da zan iya yi." Da a ranar ya ce mini Rakiya, ba za su biya ba, da na yi kukana na share hawaye. Bai iya ba, kunyata yake ji. Ni kuma da a ce shi bare ne, wallahi da na je ofishinsa na buga tebur, na nemi manajansa, na rubuta wa hedikwatarsu, ko rabin gyara ne a ba ni, ko a ce mini babu in san babu. Ka san bakina. Amma yaya ne. Sai in shirya in je gidansa, mu gaisa, in tambayi yara, matarsa ta kawo fura, in sha, in tashi. A bakin ƙofa ya ce, "Ana kan maganar nan," in ce, "Ba komai, Yaya." In dawo gida in kasa cin abinci.

Haka muka yi ta yi har damina ta wuce, motar na zaune a garejin mai gyara kaji na ƙwai a cikinta. Na koma tsayuwa bakin titi. Shi kuma ya fara canja hanya in ya hango ni. Abin da ba a faɗa ba ya yi ta ruɓa a ciki, har ranar Babbar Sallah a gidan Iya, kakarku, ana rabon nama, wata daga cikin dangi ta ce, "Rakiya, ina motar ne?" Ban san lokacin da na ce, "Ku tambayi wanda ya ci amanar marayu" ba. Yaya ya ajiye wuƙar da ke hannunsa ya ce, "Ke kika yi sadaka da motarki a kan titi don a yabe ki." Ya sa takalmi ya fita.

Ni na san bai ci ko kwabo ba, shi ma ya san abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa maganganun suka zauna. Iya ta kira mu ta yi kuka, muka ce mun bari, ba mu bari ba. Har ta koma ga Allah ba ta sake ganinmu a kan tabarma ɗaya ba. Ranar rasuwarta yana waje yana karɓar gaisuwar maza, ina ciki ina karɓar ta mata, mutane na kai saƙo tsakaninmu kamar baƙi. Wannan ba ya barina barci har yau.

To ka ji na uku, kuma shi ne babba. Ka yi inshora a wurin wanda za ka iya ɗaga wa murya ka kwana lafiya. Sabo da kaza ba ya hana a yanka ta, kamfani bai san kawu ba, kuma ranar da ya ƙi biya ba fuskar kamfani za ka gani ba, fuskar ɗan'uwan uwarka za ka gani. In ka isa Lakwaja ka nemi kamfanin da ke da ofis a garin, mai ƙofa da kujeru, ka shiga da ƙafarka. Kada ka tambayi mutane wane kamfani ne mai araha, ka tambayi wanda aka taɓa buge wa mota wane ne ya biya shi, kuma sau nawa ya yi sintiri. Ka tambayi ma'aikatan kamfanin in wani ya tuƙa fa, in a wata jiha abin ya faru fa, wane gareji za su tura ka, nawa ne kasonka a cikin gyara. Ka sa su nuna maka amsar a rubuce. In zuciyarka ba ta kwanta da tsarin ba, na ji akwai masu yin ta bisa tsarin Musulunci, ka bincika, amma su ma ka yi musu tambayoyin nan, kada gemu ya sa ka jin nauyi. Iyakar abin da na sani ke nan, sauran kai ne ɗan boko.

Ni da kawunka ba mu shirya ba sai da hawan jini ya kwantar da shi a asibiti, shekarun baya kaɗan. Na je da kunu a fulas, na zauna a bakin gado, ya sha. Shi ke nan shirin. Ba mu taɓa ta da maganar motar ba, ko sau ɗaya. Shi ya sa na san abin da yake nema a wurinka. Ba ɗan ladan da kamfani zai ba shi ba ne, ya kusa ajiye aikin ma. So yake dangin da suka ji abin da na faɗa ranar Sallar nan su ga ɗan Rakiya ya kawo masa motarsa da hannunsa. So yake a wanke shi. Ya cancanta, kuma na fi kowa sanin haka. Amma ba da kai za a wanke shi ba, domin hanyar Lakwaja ba ta da tabbas, kai kuma ba ka iya hana makulli ba. In abin ya sake faruwa, ba ni da sauran shekarun da zan jira asibiti ya shirya ku.

Ban bar maka wannan nauyi ba. Jiya da la'asar na hau keke mai ƙafa uku na je gidansa. Na tarar da shi a ƙofar ɗaki yana jin rediyo. Muka gaisa, sannan na ce:

"Yaya, yaron nan ba zai yi inshora a hannunka ba. Ni na hana shi."

Ya rage muryar rediyon. "Kamfanin ba kamar da ba ne, Rakiya. Ni da kaina zan cika masa, zan sa duk wanda zai tuƙa."

"Na sani, Yaya."

"To mene ne?"

Na ce, "Ina so in ya zo gidan nan ya zo gaishe ka ne kawai."

Sai ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Wanda ya buge motar kin yafe masa a tsaye, rana ba ta faɗi ba. Ni da ban buge komai ba, har yau ni nake biya."

Ni da ake cewa bakina ya fi reza, na zauna ina kallon yatsun ƙafata. Na so in ce masa na yafe, sai na tuna ba shi ne mai laifin ba, ni ya kamata in nemi yafiya. Na buɗe baki ke nan matarsa ta fito da ruwa, aka kira sallah, ya miƙe ya ɗauki buta.

Saboda haka ga abin da nake so ka yi kafin ka tafi. Ranar Juma'a ka wanke motar, ka je ka ɗauke shi ka kai shi masallaci, ka sa shi a gaba, ka bi ta inda mutane za su gan ku. Ka tuƙa a hankali, ka sa hannu biyu a sitiyari, ba irin wanda kake yi ba. Ka nemi ya sa wa motar albarka. In ya ta da maganar inshora, kada ka kawo hujja, kada ka nuna masa ka san tarihin. Ka ce, "Mama ce ta hana, Kawu, ka san halinta." Ya sani kuwa. Bari fushin ya tsaya a kaina, na saba ɗaukarsa, na san inda ake riƙe shi. Babanku bai bar ɗan'uwa namiji a garin nan ba. Ranar da za ka nemi aure kawunka ne zai shige maka gaba, ranar da za a fitar da ni daga gidan nan shi nake so ya tsaya kusa da kai.

Ni kuma zan koma in ƙarasa maganar da na fara, in Allah ya ba ni ƙarfin gwiwa, na jiki da na zuciya. Ban san ko zai saurare ni ba. Jiya ya rako ni har bakin titi kamar yadda ya saba, ya tare mini keke, ya biya kuɗin. Amma bai ce in gaida gida ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya zaunar da kai lafiya. Allah ya raba ka da tsautsayin hanya da na abokai, ya sa kuɗin inshorar nan ka yi ta biyansu a banza har ka tsufa. Allah ya bar maka kawunka.

Mahaifiyarka,
Rakiya.